Mutumin da Ya Sauko daga Jirgin Kaya

Tarnby, Iowa
Nuwamba, 1953

Zuwa ga ƙanena Emmett,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri gare ka, kai da mai ɗakinka Lucille da yara baki ɗaya. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ya kuma sauƙaƙa maka wannan tarin da Lucille ta ce ya ƙi barinka tun da ruwan Oregon ya sauka. Ka daina fita ba hula, kai ba yaro ba ne, ko da yake ni har gobe kallon yaro nake yi maka. Ni ma lafiya lau, sai gwiwoyi da suke riga rediyo sanar da ni sanyi ya ƙarato. An gama girbin masara, bana an samu albarka. Mutumin da ke noma gonar Baba ya kawo mini buhun dankali da kwandon tuffa, na tsaya ina kallonsu, ni kaɗai nawa zan ci? Har yanzu in na ɗora tukunya, na mutum biyu hannuna ke aunawa. Yayanmu Lorenz ya kusa shekara a ƙasa, amma hannun bai samu labari ba tukuna.

Na san ba ka son a tayar da maganar gidan Pruitt, ita ce ta kore ka daga garin nan tun kana saurayi. Ka yi haƙuri da ni, wani abu ne ya faru, kuma gara ka ji daga bakina. Kai kana ɗan shekara goma a lokacin, guntu-guntu ka ji labarin, ni kuwa budurwa ce, komai a idona aka yi. Safiyar nan ta 1911 kukan shanunsu ne ya tara maƙwabta, don rana ta ɗaga ba a tatse su ba. Da aka ɓalle ƙofa aka tarar da Mista Pruitt da matarsa da yara uku a kan gadajensu, an kashe su da gatarin gidansu. Babbar 'yarsu Verna ce kaɗai ta tsira, saboda ta kwana wurin kakarta. Verna kuwa ƙawata ce ta ƙut da ƙut, benci ɗaya muka zauna a makaranta, har rigunan juna muke sawa. Kwanaki kaɗan kafin haka saniyar Pruitt ta karya shinge ta yi mana ɓarna a masara, Lorenz ya tsaya a kantin Stuckey gaban jama'a ya ce in aka sake, sai ya fasa wa Pruitt kai. Baki shi ke yanka wuya. Aka kulle shi, aka bincika, aka rasa hujja, aka sake shi. Baba ya rantse a gida ya kwana, mutane suka ce wane uba ne ba zai rantse ba.

Sauran ka sani. Aka daina sayen ƙwanmu, wanda ke nemana da aure ya ɗauke ƙafa ba ko sallama, Verna kuma in ta hango ni sai ta tsallaka hanya. Abin da ba ka sani ba, don ban taɓa rubuta maka ba, shi ne tun daga ranar Lorenz bai ƙara taɓa gatari ba. Ƙato kamar shi, yana tsaye a taga yana kallona ina faskara mana itace, shekara arba'in da ɗoriya. In na gaji na yi masa tsiya na ce ya fito ya taimaki tsohuwa, sai ya ce shi dai zai kwaso ya jera.

To, watan jiya da la'asar ina share ganyen da ya zuba a ƙofar gida, sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya tana tari kamar kai. Wani dattijo siriri ya fito, ya cire hula, ya ce ko nan ne gidan Brandt. Rabon da wani ya cire mini hula tun jana'izar Lorenz. Na zaci ɗan jarida ne, na ce masa in ƙanwar mai kisa ya zo kallo, to ga ni, ya kalla da kyau ya kama gabansa. Bai ji haushi ba. Ya ce sunansa Tibbets, malamin makaranta ne da ya yi ritaya a Missouri, kuma abin da ya kawo shi, yana ganin ɗan'uwana bai taɓa kowa ba. Emmett, tsintsiyar ce ta faɗi daga hannuna, na zauna a kan matakala. Ban da Baba da Mama, ban taɓa jin wannan magana daga bakin ɗan Adam ba.

Na shigar da shi, na dafa masa kofi. Ya ce shi ma abin ya taɓa gidansu: shekara guda bayan namu aka kashe gwaggonsa da mijinta da 'ya'yansu, aka kama wani ɗan ƙodago da ke yi musu aiki, ya mutu a kurkuku yana rantsuwa. Tun da matarsa ta rasu ba shi da kowa a gida, sai ya shiga bin garuruwa yana tambayar tsofaffi, yana tonon tsofaffin jaridu. Ya ce ya samu gidaje da dama a jihohi daban-daban da aka yi wa irin wannan aika-aika cikin 'yan shekarun nan, kuma duk kamarsu ɗaya. Kowane gida yana kusa da layin dogo. Gatarin gidan ake ɗauka a tsakar gida, da bayansa ake bugu ba da kaifin ba, a nan kuma ake yar da shi. Ana rufe tagogi da madubai da tufafin masu gidan. Ba a ɗaukar komai, ko agogon da ke kan tebur. Da ya faɗi maganar madubi sai na tuna Mama tana raɗa wa Baba cewa da siket ɗin matar Pruitt aka rufe nasu. Shi a ganinsa mutum ɗaya ne, irin masu maƙalewa a taragon jirgin kaya, ya sauko inda ba a san shi ba, kafin gari ya waye ya bi wani jirgin. A zamanin 'yan sandan wannan gunduma ba su san abin da ya faru a waccan ba, sai kowane gari ya waiwaya ya duba cikin mutanensa. Ya ce duk garin da ya je, sai ya tarar suna da nasu Lorenz ɗin.

Na tambaye shi sunan mutumin. Ya ce bai sani ba, ba suna, ba fuska, ba kabari. Na ce to zai iya dafa Littafi Mai Tsarki ya rantse haka abin yake? Ya sunkuyar da kai ya ce a'a, ba zai yi wa tsohuwa ƙarya a teburinta ba, hasashe ne mai ƙarfi amma hasashe ne, akwai ma waɗanda suka duba suka ce wasu gidajen ba su shiga lissafin ba. Na ji kamar in watsa masa kofin, na kuma ji kamar in riƙe hannunsa. A ƙarshe na cika masa aljihu da tuffa.

Fasto ya ba shi ɗakin taro na ƙasan coci ranar Asabar da yamma. Ka ga cika, ko ranar bikin Ista ba a yi haka ba. Na zauna kusa da ƙofa don in fita ba wanda ya lura. Ya rataye taswira, ya nuna yadda garuruwan suka jeru a kan layin dogo, ya yi bayani a hankali kamar yana gaban 'yan aji. Bai gama ba tsoho Orval Stuckey, ɗan mai kantin nan, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce shi da kunnensa ya ji abin da Lorenz ya faɗa, ba wani mutumin Missouri da zai zo ya sayar musu da aljani mai hawa jirgi ba tikiti. Malamin ya ce da duk wanda ya ce zai fasa kan maƙwabcinsa yana aikatawa, da babu sauran kan da zai sa hula a Iowa. Wani daga baya ya ce a tambayi Orval sau nawa ya faɗi haka a kan surukinsa. Ɗaki ya ɗauki dariya, har fasto sai da ya rufe baki.

Ana cikin dariyar Verna ta miƙe. Ta tsufa, Emmett, ba za ka gane ta ba, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana Chicago ba ya zuwa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta ga abin ya zama na raha, to ita uwarta ce da ubanta da ƙannenta uku ake magana. Ta ce wa malamin ai zuwa ya yi ya ƙwace mata abu ɗaya da ya rage mata. Duk shekarun nan ta san wanda za ta tsine wa, ta san gidansa, ta san hanyar da yake bi, yanzu kuma ya miƙo mata iska ya ce ta riƙe. Ta ɗauki jakarta ta fita, ta wuce ta gabana har gefen rigarta ya goge ni, ba ta kalle ni ba. Daga nan taron ya watse kowa yana kallon takalminsa.

Tun daga ranar garin ya rabu biyu, a wurin mai aski ma ba a wata hira sai ita. Wasu sun fara gaishe ni a gidan waya. Matar mai gidan mai ta kawo mini kek ta ce ai su dama can ba su taɓa yarda ba. Na karɓa na yi godiya, me zan ce? Ihu bayan hari. Na sha zaton ranar da aka gaishe ni zan ji sanyi a raina, ashe gaisuwar ta fi shirun zafi, don duk wanda ya ce mini ina kwana, sai in tuna wanda ya mutu ba a ce masa ba. Na je kabarin Lorenz don in ba shi labari, na tsaya na rasa ta inda zan fara. In ce masa watakila? Na cire ciyawa na dawo gida.

Ranar Talatar da ta wuce da rana tsaka na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya. Verna ce. Ta ƙi zama, ta ƙi cire safar hannu, ta ce tambaya ɗaya ta kawo ta: shin Lorenz ya taɓa yin maganar wannan rana? Na gaya mata gaskiya, sau ɗaya ne, yana kwance ciwon ajali. Ya ce da safiyar nan ya ji kukan shanun tun kafin kowa, ya san nono ne ya cika musu, har ya ɗauki bokiti zai je ya tatse su, sai ya tuna faɗan da suka yi da Pruitt ya ajiye. Ya ce abin da ya tsaya masa a rai ke nan, ya bar dabbobi suna kuka saboda fushi. Da na faɗa mata haka sai ta ja kujera ta zauna. Can ta ce ita ba ta yarda da malamin nan ba, kada in ɗauka ta yarda. Amma tun ranar Asabar ɗin, in ta tashi da safe ta nemi ƙiyayyar inda ta saba samunta, sai ta tarar ba ta cika ba. Ta ce ba ta sani ba yanzu, ba ta san komai ba. Ta kira sunana, Hulda, rabon da in ji shi a bakinta tun muna 'yan mata. Ba ta nemi gafara ba, ni ma ban ce ta nema ba. Da za ta fita ta dubi labulena ta ce har yau ban iya ɗinkin gefe ba.

Jiya Lahadi na shiga coci na nufi bencinmu na baya. Verna tana zaune a wani benci a tsakiyar coci ita kaɗai, jakarta a gefenta. Da ta ji takuna ba ta waiwayo ba, sai ta ɗauke jakar ta ɗora a cinya, ta bar wurin a buɗe. Na tsaya a tsakiyar hanya kamar wata sakarai, mutane na ratsa ni. Ban iya ba, Emmett. Na zauna a bencin da ke bayanta, na yi ta kallon furfurarta har aka tashi. Ita kuma ba ta mayar da jakar ba har aka yi addu'ar ƙarshe. Lahadi mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan gwada.

Malam Tibbets ya wuce Nebraska, ya ce akwai wata tsohuwa a can da aka rataye mahaifinta kan irin wannan zargi, yana so ya same ta da rai. Ka sa shi a addu'a, motarsa ba ta da ƙwari, shi ma haka.

Ka gaishe mini da Lucille, ka ce na gode da safar ulu, ita nake sawa. Ka gaishe da ɗanka Dale da amaryarsa, da 'yarka Marjorie, ka ce ta aiko mini da hoton jaririn. Yaranka ba su taɓa jin sunan baffansu ba sai a raɗe. Ka zaunar da su ka faɗa musu da ƙarfi, ka ce yana da kirki ga dabbobi. Ka rubuto mini ko da layi biyu ne, gidan ya yi shiru da yawa. Ubangiji ya tsare ku, ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
Hulda