Matar da ke ɗaure mini fuska a Fakku

Litinin, 4 Nuwamba 2024
Yau na fara yi wa ƙungiyar mata ta Fakku bayanin buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki, wanda ba a sa wa waken ciki magani. Mata sun kai arba'in, kowa na gyaɗa kai. Sai wata dattijuwa, Inna Mero. Tun da na buɗe baki ta ɗaure fuska. Ita kaɗai nika gani har na ƙare.

Talata, 5 Nuwamba
Hamdiyya, abokiyar aikina, ta ce na yi sauri. Shekara shida ina aikin malamar gona, ba wanda ya taɓa ce mini haka. Na san ita ta so a ba ta aikin Fakku.

Litinin, 18 Nuwamba
Mun koma. Ina tsakar magana Inna Mero ta ce wai in sake faɗi. Na sake, kalma kan kalma. Ta ƙara tsuke fuska. Da aka tashi na hango ta bayan ɗakin taro ita da Hamdiyya, kai haɗe da kai, da buhu a hannunsu. Suna ganina suka yi shiru. To.
Safiyyatu, shugabar ƙungiya, ta kama hannuna ta ce ba su taɓa samun malama kamata ba. Ga masu hankali.

Alhamis, 21 Nuwamba
Ban yi wa Hamdiyya magana ba yau, in ban da gaisuwa.

Litinin, 13 Janairu 2025
Safiyyatu ta kira. Ƙwari sun cinye mata buhu fuɗu, har da wanda ta ware na iri. Gida tara haka. Abin da ya fara zo mini: an canja buhunan. Wa ke riƙe da makullin siton ofishinmu a Tambuwal? Hamdiyya.

Laraba, 15 Janairu
Na tafi da kaina. Buhunan namu ne. Leda biyu da buhun waje duk an haɗa an ɗaure da igiya ɗaya, iska cike. Na ce ai na faɗa musu kowace leda daban ake ɗaurewa.
A mota Hamdiyya ta miƙo mini wayarta. Ashe ta ɗauki muryata ranar bayanin farko. Na saurara sau biyu. Na yi maganar iskar oksijin, na yi ta ƙwan ƙwari, har da sunan Turanci. Ɗauri kuwa, “sai ku ɗaure yadda ya kamata” kawai na ce. Da an sa ni rantsuwa da na rantse na faɗi.
Waken Inna Mero lafiya lau. Ɗauri ne ta tsare Hamdiyya ta koya mata rannan.
Amma mi ya hana Hamdiyya nuna mini tun Nuwamba? Ta ce ta gwada. Ban tuna ba.

Litinin, 20 Janairu
Na tambayi Safiyyatu abin da ya sa ta yi ta gyaɗa kai. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Malama, baƙuwa na magana, a ce ba a gane ba?”
Ban yi dogon bayani ba. Na zube buhu a ƙasa na ce kowa ta zo ta matse iska ta ɗaure ina kallo. Mun kai la'asar. Hannuna har ya yi ja.
Inna Mero ta ce, “’Yar nan, yau kin yi Hausa.” Ban san ko yabo ba ne. Ban yarda da ita ba har yanzu.
Jibi za mu yi bayani a garin Sanyinna. Na ce wa Hamdiyya ta zauna baya, in na fara gudu da magana ta ɗaga hannu. Don gudun ɓacin wake kawai.