Kututturen Lemo Uku a Soba

Assalamu alaikum, Baba.

Na san wannan takarda ba za ta kai hannunka ba. Ina rubuta ta ne don babu wanda zan iya kallon idonsa in gaya masa abin da ke cikinta.

Mun dawo Soba daga Mai Wurno, inda muka yi gudun hijirar yaƙi, ni da Inna da Yaya Usman. Gida yana nan tsaye, sai dai babu ƙofa ko ɗaya, kuma an tafi da injin ban ruwanka. Lambun kuwa, da ka gan shi da ba ka gane shi ba. Ƙaya ta kai min ƙirji. Magudanar da ka haƙa daga kogi ta cike da ƙasa.

Ranar Juma'a liman ya yi shela bayan salla, aka kira nafir, abin da kai kake ce wa gayya. Asabar da safe mutane suka cika gidan, waɗansu daga Kalakla, waɗansu tun daga Umdurman. Da yawansu ban san su ba. Suka zo da fartanya da adda da shebur. Mata suka ɗora waken ful da shayi a rumfa. Wani dattijo ya kafa mana ƙofar zaure, ya ce ka taɓa ba shi irin kuɓewa, ya tafi ko shayi bai sha ba.

Ya kamata in yi murna, Baba. Amma duk sanda fartanya ta shiga ƙasa sai gabana ya faɗi, domin ba mu san inda kake kwance ba.

Maƙwabcinmu Alhaji Idrisu ne ya binne ka, lokacin da harbi ya rufe hanyar maƙabarta. A waya ya gaya wa Yaya Usman ya sa ka a gindin lemo. Bai ce wanne ba, mu ma ba mu tambaya ba, mun ɗauka za mu dawo ya nuna mana. Shi ma ya rasu kafin damina. Lemon duk an sare an yi girki da su, ruwa ya shafe kowace alama. Kututture uku suka rage, nesa da juna.

Da masu aiki suka doshi wurin sai na sha gabansu na hana. Yaya Usman yana so a tona a nemo ka a kai ka maƙabarta, kamar yadda wasu ke yi wa nasu. Inna ta ce a bar ka. Ta ce mutumin da aka roƙa har sau biyu ya ƙi barin lambunsa yana raye, ba za a fitar da shi yana kwance ba. Maganarta ce ta rinjaya. Masu gayya suka kewaye kututturen uku da jan bulo, suka nome sauran, aka shuka lalo da albasa.

Baba, sau ɗaya aka roƙe ka. Ranar da za mu tafi, bayan ka ce ba za ka bi mu ba, Inna ta aike ni in sake gwadawa. Na zo har bakin lambu, na hango ka a sunkuye kana buɗe wa kwami ruwa. Ga ƙarar bindiga daga wajen gada, ga direban motar da za ta kwashe mu yana ta danna hon. Sai na juya. Na ce mata ka ƙi. Ko sunanka ban kira ba. Da na kira, za ka ɗago? Da ka ga ina kuka, za ka biyo ni?

Yanzu duk la'asar, in na zo ban ruwa, a sunkuyen nan nake hango ka daga gefen idona. In na waiga babu kowa, sai ruwa yana tafiya. Ban taɓa ganin fuskarka ba, bayanka kawai.

Kututture na tsakiya ya fara toho. Inna ta yanke cewa nan kake, can take shimfiɗa tabarma ta yi maka addu'a. Ni dai ina bin ukun ɗaya bayan ɗaya ina yin sallama.

Gobe bayan asuba zan gaya mata gaskiya. Mai yiwuwa ta ce a tona. Mai yiwuwa ta daɗe ba ta kalle ni ba. Na so in fara gaya maka ne.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ko a wane gindi yake. Ka yafe min.

'Yarka da ta juya,
Saude