Tabar Baba Ba Ta Nuna Ba

San Luis, Pinar del Río

Zuwa ga ƙanena Reinier,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ka lafiya kai da Noelia da yara, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin Zaragoza. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Mijina Baldomero ya gama dashen taba, ya dawo gida baƙi ƙirin, yana ta cika baki wai bana ganyensa zai fi na kowa. Baba kuwa ƙafafun sun ƙara kumbura, likita ta ce zuciyar ta gaji, mu lallaɓa shi.

Reinier, na yi ɓarna, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa. Ka san akwatin tabar da Baba ya naɗa da hannunsa shekarar da ka tafi, daga ganyen gonarsa na ƙarshe, wadda ya rantse ba mai kunna ko kara ɗaya sai ka dawo. Tun da hannunsa ya fara rawa ni nake juya masa su, na ƙasa su koma sama. Kullum yana cewa taba sai ta kwanta a duhu da sanyi take sauke faɗanta, karan su saba da juna, ƙanshinsu ya zama ɗaya. To, da guguwa ta yaye mana rufin ɗakinsa, sai na ɗauke akwatin daga ƙarƙashin gado na ɗora a saman kabad ɗin kicin, dab da kwanon rufi. Ni da na tashi a gidan taba, na san abin da zafi ke ƙyanƙyashewa, amma hankalina yana kan katifu da bokitai. Da na tuna na buɗe, ƙwari sun huda su kaf kamar da allura, na ɗaga ɗaya sai gari ya zubo. Na zauna a ƙasa na yi kuka har wake ya ƙone.

Baldomero ya ce in bar kukan banza, tsoho ai ba ya gani sosai. Ya naɗa wasu daga ganyen bara, muka jera a akwatin. Na faɗa masa hancin Baba bai tsufa ba, ya ce ni dai da baƙin baki.

Ranar Lahadi na gaya wa Baba za ka zo Kirsimeti, nan take ya ce a kawo akwatin. Ya ɗauki kara ɗaya ya murza kusa da kunnensa, ya daɗe yana shinshinawa. Sai ya yi dariya ya ce ikon Allah, tsufa ya hau kansa ya tsallake taba, har yanzu tana yaji a hanci kamar ta jiya. Ya ce, “'Yar nan, rubuta wa ɗan banzan yaron nan kada ya yi gaggawa, ba ta nuna ba, ya ba ta wasu shekaru.” Ya shafa kaina ya rufe akwatin. Ban sani ba ko ya gane ne yake rufa mini asiri, kuma kunya ta hana ni tambaya.

To na isar da saƙonsa, ga nawa: kada ka ji maganarsa. Baba ba shi da waɗannan shekarun, kuma ba zan iya ɗaukar alhakin wannan jiran da ni na jawo masa ba. Ka zo kamar yadda ka shirya.

Ka gaishe mini da Noelia, da Iratxe da ƙaramin Eulogio mai sunan Baba. Inna Caridad tana gaishe ku, ta ce ta kunna muku kyandir a coci. In ka iso Baba ya miƙa maka kara ɗaya, za ta kankare maka maƙogwaro. Don Allah ka daure kada ka yi tari, ka ce masa ta nuna.

Yayarka,
Idalmis