Tsuntsuwa Marar Safa a Kurmin Baba

Zuwa ga Yaya Abelardo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki a ƙasar mutane. Mu nan Pomacochas lafiya lau. Gwiwar Mama na damunta in an yi sanyi, amma har yanzu ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunyar cuku.

Yaya, maganar kurmin bayan gida ce. Na san Wilder, mijin 'yar'uwarmu Hermelinda, ya kira ka yana neman yardarka a sare shi a shuka ciyawar shanu. Cewa yake ɗan tsuntsun nan mai shan fure, mai wutsiya kamar cokali biyu, wanda Baba ya bar kurmin dominsa, ya daina zuwa, wai sauran duk masu safa ne, wato danginsa masu gashi a ƙafa kamar safa, irin na ko'ina. Gaskiya ne tun ɗaukewar ruwa ban ga namijin ba, wanda shi ne mai wutsiyar cokalin. Amma kowace safiya ina zama gindin furannin, kuma akwai wata tsuntsuwa mace da ke zuwa. Macen tsuntsun Baba da macen mai safa sun yi kama, kore a baya, fari a ƙirji, sai dai kama da wane ba ta wane. Mai safa tana da gashi ja-ja a ƙafa, bakinta gajere ne a miƙe. Wannan bakinta ya ɗan lanƙwasa, wutsiyarta ta fi tsayi, ƙafarta kuwa ban ga komai ba. Sai dai ba ta zama, kafin in kafa ido ta ɓace, har in dawo ina tambayar kaina ko abin da nake so in gani nake gani.

Da na faɗa wa Wilder sai ya yi dariya, wai tsufa ta ido yake farawa, in nemi tabarau. To amma mutumin da ya yi shekaru yana yi wa baƙi jagora, yana gane tsuntsu daga ƙarar fiffike, yau shi ne na roƙa ya zo mu duba tare ya ce ba shi da lokaci. Kuma jiya na ga naɗin wayar shinge a ɗakin ajiyarsa. Hermelinda ta ce ta gyara ce, amma ba ta kalle ni ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ban ce ka ƙi ba, Yaya, don ni ma ban tabbata ba. Ka ce masa a jira damina, lokacin da mazan ke fitowa rawa. In na yi kuskure, shanu sun yi asarar ciyawar 'yan watanni. In shi ne ya yi, babu inda za mu sayo kurmi.

Ka gaida Anti Zoila, da Nilton da 'yar auta Yesenia. Mama ta sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Teodolinda