Aladen Nababa

Zuwaga matata Sakinatu, Tofa.

Asalamu alaikum. Bayan gaisuwa maiyawa, inafata kina lafiya, da Inna da ciwon ƙafarta, da akuyarmu mai cin igiya. Ni lafiya lau, sai kewarki. Kiyi haƙuri da rubutuna, kinsan hannuna na manyan ayyuka ne ba na biro ba. Waya kuwa an hanamu shiga da ita wajen gas, taki kuma ta faɗa rijiya, shiyasa naba Sha'aban direban albasa wannan takarda.

Albishirinki! An ƙaramin girma a kamfanin man nan na kudu. Na bar shara, yanzu ni ke kula da alade. Ni nake wankeshi, in shafa masa mai, in turashi cikin bututu yana kuka. Oga yace tunda aka kafa kamfanin ba'a taɓa samun wanda alade yake jin maganarsa kamar ni ba. Sha'aban yana danna hon, sauran bayani sai gaba. Ga buhun shinkafa nan.

Anan kullum ruwa, amma ba ƙamshin ƙasa irin namu. Dawarmu ta fitar da kai? Naki, babban injiniya, Nababa.

Zuwaga Sakinatu, gidan Malam Dabo, Rimin Gado.

Asalamu alaikum. Ina gaisheki, ina gaida Baba Malam da ladabi, gwiwa biyu a ƙasa. Sha'aban ya dawomin da shinkafata ko ɗinkin ba'a farke ba. Yace kin karantawa Inna takardata da ƙarfi, makwabta sunji, magana takai kunnen mahaifinki, yazo da kansa ya ɗaukeki, yace 'yarsa bazata ci gumin alade ba, kuma in ban bar kiwon ba to in aiko da takardarki.

Sakinatu, wallahi ba dabba bane! Ƙarfe ne mai zoben roba, kamar turmi. Bututun mai yana yin datti aciki kamar maƙogwaron buta, man ya dinga tafiya da ƙyar. Sai mu zura wannan abu ta baki guda, ƙarfin gas ya korashi, ya kankare dattin ya fito ta ɗaya bakin can wani gari. In yana wucewa yana ƙiiii, shine turawa suka sa masa sunan alade da yarensu, ni kuma na fassara miki don kiyi dariya. Akwai ma mai wayo, yanada maganaɗisu da kwamfuta acikinsa, duk inda tsatsa taci bututu sai ya dawo ya faɗa, basai an tona ƙasa ba. Wannan ma ni ke goge masa ƙura.

Na roƙi Oga hutu, yace sai bayan kaka. Ga tsohon zoben robar nan da aka cire, na naɗeshi a leda. Ki kaiwa Baba Malam ya duba da idonsa. Ni dai abinci ya daina shiga. Jiya naga wata tana tankaɗe a ƙofar gida, na tsaya kallo har mijinta ya fito. Mijinki har gobe in Allah yaso, Nababa.

Zuwaga Sakinatu, ɗakinta, Tofa.

Asalamu alaikum. Inafata kin huta gajiyar hanya, ya Inna? Alhamdulillahi! Sha'aban ya bani labari tas, har yana riƙe ciki. Wai Baba Malam yaƙi taɓa ledar sai da sanda, ya tara dattawa a ƙofar masallaci bayan la'asar, akasa mahauci ya yanka zoben a duba ko da jini, sannan aka ƙona gefe, kowa ya shinshina, Malam yayi fatawa cewa wannan taya ce. Wai kuma yace a gayamin in tuba daga wasan banza, kuma in gayawa turawa su canza masa suna. Na gayawa Oga, yace zai duba.

Naji duk Tofa yanzu Mai Alade ake cemin. Su kira, ba komai. Wanda ya taɓa ganin alade mai kwamfuta acikinsu ya ɗaga hannu.

Wannan karon kada ki karantawa kowa. Shiga ɗaki ki saki labule. Ranar da akace kin tafi, na zauna bakin bututu ina sauraron kukan abin nan yana nisa, nima nayi nawa, nacewa abokan aiki gas ne ya shigarmin ido. Ba injiniya bane ni, Sakinatu, kinsani, nasan kinsani. Ki ajiyemin zangarniya ɗaya ta dawar bana, kada a sussuketa, inaso in ganta yadda ta fito. Kuma ki rubutomin ko layi ɗaya ne da hannunki. Sha'aban zai jira, nace masa kada ya tada mota sai kin gama.

Naki, Nababa.