Tikitin Umrar Inna

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya zafin Jidda, ya aiki? Mu nan Bodinga lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Maganar Umrarta ce ta sa na rubuto. Maigidana ya yi rajista da wasu masu turo saƙo a waya in kuɗin jirgi ya sauka. Ranar Laraba suka turo wai akwai kujera daga Kano zuwa Jidda, arahar har ta ba ni tsoro. Sharaɗinsu a biya kafin magariba, a tura hoton fasfo.

Inna na ji ta ce, "A kai albasata kasuwa yanzu, in tahi tun ina da ƙarhi." Na ce, "Inna, su wane ne mutanen ga? Ina ofishinsu?" Maigidan ya kira lambarsu ba a ɗauka ba, amma ya ce abokinsa na Shagari ta hanyarsu ya je Legas. Ni dai na kulle fasfon Inna a akwatina. Tun ranar Inna ba ta amsa gaisuwata.

Don Allah ka bincika mana su, sannan ka kira ta, maganarka take ji. In na gaskiya ne, ni zan ba ta haƙuri.

Ka sa mu a addu'a a Harami. Gaida su Anti.

Ƙanwarka,
Hadiza