Na Fi Maƙwabcina

Zuwa ga ɗana Mukhtari, a Ikko.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hindatu da yara. Mu nan Illela lafiya lau, sai gwiwa.

Ɗan janaretan da ka aiko ya iso. Ba godiya na sa a rubuto maka ba, ƙara ce. Direbanka ya sauke shi ƙofar gida muna tuwon magariba da maƙwabcina Hamidu, bisa tabarmar da muke haɗa akushi tun ba a haife ka ba. Ba wanda ya tambaye shi, ya hau bayani. Wai can Ikko sunan wanga inji da Turancin kasuwa "na fi maƙwabcina". Wai daga gidajen haya sunan ya fito: in anka ɗauke wuta, mai shi ya kunna ƙwai da fanka, na ɗakin kusa shina cikin duhu shina shan ƙara. Hamidu ya wanke hannu, ya ɗauki akushinshi da saura ciki. Tun ranar bai sake fitowa ba. Ni kaɗai nake ci, kamar baƙo a tasha.

Mi ya hana ka aiko bargo?

Mahaifinka,
Dabo

Zuwa ga Mukhtari.

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Hindatu?

Ka ce in ba Hamidu haƙuri. Na mi? Ni na raɗa wa injin suna? Na dai jefa wayar wuta ta bisa katanga zuwa gidanshi, da ƙwan lantarki a bakinta. Da safe na iske ta naɗe tsaf ƙofar zaurena. Matarshi Umma ta gaya wa uwarka wai ya gode, fitilarshi ta ishe shi. Mutumin da na ɗauko bisa jaki tun daga ƙauyen Araba shekarar da maciji ya sare shi!

Tuwo ba ya shiga. Uwarka ta ce na rame. Zafi ne.

Mahaifinka,
Dabo

Zuwa ga Mukhtari.

Ina gaishe ka, Allah ya sa kuna lafiya.

Ranar kasuwa, da Hamidu ya fita, na tura injin cikin baro, na yi sallama, na aje shi tsakar gidanshi, na jawo wayar ta katanga zuwa nawa. Na ce wa Umma in ya maido shi, rijiya zan jefa shi.

Da magariba sai ga shi da akushi. Bai gaishe ni ba. Ya zauna, ya ce ban iya gauraya baƙin mai da fetur ba, shi ya sa hayaƙi ya cika unguwa. Na ce to shi da ya fi maƙwabcinshi ya gauraya. Ya turo mini miyarshi. Gishiri ya yi yawa kamar kullum. Na suɗe.

Yanzu shi ke kunnawa, shi ke kashewa, kuma sai ina tsakar jin rediyo yake ɗauke mini wuta. Gobe bisa tabarma zai ji daga bakina.

Kar ka aiko wani injin. Aiko man gwiwa, kuma ba ta hannun wancan direba ba.

Ka gaida jikokina. Mahaifinka,
Dabo